Gero Ne Ko Akuya

Ni da ɗan baffana na Shinkafi rana ɗaya aka haife mu, kuma daga nan rigimar ta faro. Shi can aka haife shi, ni nan Kaura Namoda, a zamanin da agogo sai a hannun ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana cewa ta sauka ladan bai yi kiran farko ba. Tasa mahaifiyar kuma ta ce ita ta sauka zakara bai yi cara ba. To tsakanin ladanin Kaura da zakaran Shinkafi wa ya riga wani? An tambayi malamai, sun ce wannan ba ya cikin littafi. Haka muka tashi, ina ce masa ƙanena, yana ce mini ƙanena. In aka ajiye mana tuwo a akushi ɗaya, hannuwanmu kan yi karo a kan tsokar nama, don kowa ya san babba ke fara ɗauka.

Kada wani ya raina ni, na yi boko. Na yi har na iya rubuta sunana da karanta lambar mota, sai mahaifina ya ga ilimin ya isa haka kada ya yi mini yawa, ya zaunar da ni a rumfarsa ta kasuwar hatsi. Ɗan baffan nawa ko wannan bai samu ba. Kara, kasuwar dabbobi, aka tura shi wajen dillancin awaki, shi ya sa har yau in yana gaisawa da mutum sai ka ga kamar zai buɗe masa baki ya duba haƙora.

Muna samari, gemu bai gama shawarar fitowa ba, talabijin ta iso unguwarmu. Wani ma'aikacin tashar jirgi ne ya saye ta, mutumin kirki wanda bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Bayan la'asar yakan fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan teburi, ya jona da batirin mota. Eriyarta na can ƙolin wata doguwar gora, in hoto ya lalace sai a kama gorar a yi ta murɗawa har jama'a su ce a tsaya. Hoton baƙi da fari ne, rabinsa kuma yayyafi. Jikokina na yanzu gani suke su suka fara kallon katun a duniya. Ina jin su suna musu kan wane ya fi wane ƙarfi, ba su san mu a kan katun muka kusa raba zumunci ba.

Katun ɗin labarin wani yaro ne mai idanu kamar faifai, gashinsa a tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi. Ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba. Turancin da suke yi ba irin na ajinmu ba ne, gudu yake kamar an biyo shi. In aka ce in fassara, tunda ni ne ɗan boko, nakan ce a yi shiru, ba a magana ana kallo. Abin da kowa ya gane shi ne yaron na tafe a ƙasa daga gari zuwa gari da buhu a bayansa, bakin buhun a ɗaure tamau. Ruwa ya dake shi, ya hau dutse, ya haye kogi, buhun na nan. Bayansa kuma akwai wani dogon mutum siriri mai dogon hanci da lema, kullum yana biye, kullum yana dab da cafke buhun sai ya faɗa rami ko reshe ya make shi. Yaran unguwa har sun saka wa kiɗan farkon baitinsu, suna tafi suna cewa ɗan yaro sauke buhu, ɗan yaro mu gani.

Yara faɗuwar mai lema suke jira su yi dariya. Mu ba wannan ya dame mu ba. Mu mutanen kasuwar hatsi ne, ba a wuce mu da buhu a ɗaure mu yi barci lafiya. Da buhun gaske ne, da tuni wani ya soka masa ƙarfen da muke duba kaya da shi an huta. Tunda ba dama, sai muka koma ga ido. Magidanta suka fara zuwa da sunan sun zo korar ’ya’yansu gida, su tsaya a baya da hannu a ƙugu har a gama. Wani tsohon ɗan dako, wanda ya ɗauki buhu har wuyansa ya shige cikin kafaɗa, ya tsuguna gaban akwatin ya ƙura ido, ya ce gyaɗa dai ba ita ba ce, gyaɗa ba ta duƙar da mutum haka. Aka cire wake, don wake yakan nuna ƙuraje a jikin buhu. Saura dawa da gero. Nan ne na raba gardama. Na ce a lura in yaron ya sauke buhun, gindinsa bajewa yake kafaɗunsa su zube, kamar mai jego ta samu tabarma. Dawa ba ta haka, tsayuwar soja take yi. Ga kuma tsuntsaye da ke binsa duk inda ya sa ƙafa. Kasuwa ta karɓa. Aka ce gero ne. Shi kuma mai lema aka ce dillali ne, so yake ya saye tun a hanya kafin yaron ya ji farashin gari.

Ana cikin wannan zaman lafiya ɗan baffana ya zo Kaura da awakin da za a loda a jirgi. Na kai shi kallo don ya ga ci gaba. Ya zauna ya kalla har ƙarshe, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Akuya ta," in ji shi.

"Wace akuya?"

"Cikin buhun. ’Yar akuya ta, ba ta kai yaye ba."

Na ce masa ya riƙe iliminsa na kara, nan maganar hatsi ake. Ya ce to in gaya masa, tunda nake a kasuwa, na taɓa ganin mai buhun hatsi ya gaji a hanya bai zauna a kansa ba? Yaron nan kullum gefe yake zama, har ya ɗora hannu yana shafa buhun yana yi masa magana. Wa ke hira da gero? Na ce yaron ɗan gidan tarbiyya ne, ba ya zama a kan abinci, kuma duk wanda ya taɓa noma ya san ana yi wa hatsi magana. Ya ce shi kuma mai lema ba dillali ba ne, mahauci ne, a dubi yadda yake lasar baki.

Abin da ya ƙara lalata al'amarin, bayan ’yan makonni ya dawo da sabon labari. Wai a Jangeru, a gidan wani tela, in iska ta juyo daga arewa akan kamo tashar Nijar, kuma can ma ana nuna yaron nan da Faransanci. Wai da idonsa ya ga yaron na barci, buhun ya motsa shi kaɗai. Na ce eriyar telan ce ta motsa. Ya rantse. Na ce to Faransancin ne, kowa ya san yaren nan yana sa abu rawa. Daga ranar direbobin da ke bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi suka samu kayan da ba a biya wa kuɗin mota: su kai hujjata ranar Alhamis, su dawo mini da tasa.

Babbar Sallah ta zo, gidanmu duka ya haɗu a Zurmi wurin ƙaramin baffanmu kamar yadda aka saba. Aka kawo nama, hannuna da na ɗan baffana suka yi karo a kan hanta, muka tashi da musun girma, muka gangara kan buhu. Iyayenmu maza suna zaune. Baffan Zurmi, wanda a lokacin shi ne mai barkwancin gidan, ya ɗaga hannu.

"Kun ishe mu," ya ce. "Ga hukunci. Ranar da yaron ga ya kwance buhunai, wanda maganatai ta fita shi ab babba. In gero na, na Kaura ab babba. In abu mai rai na, na Shinkafi. Kahin nan, hantar tawa ta."

Ya ɗauke ya jefa a baki. Iyayenmu suka yi dariya suka ce sun yarda. Yayata mace, wadda ta girme mu duka biyun ba tare da wata gardama ba, tana tsaye da kwanon ruwa, ta ji komai. Ku riƙe wannan, za ta dawo.

Muka koma muka zuba ido. Yaron ya yi ta tafiya har ya iso bakin wata doguwar gada, ƙetarenta ana hango wani gari a kan tudu. Ya ɗora ƙafa, kiɗa ya tashi, aka rufe. Mako na gaba ƙofar gidan ma'aikacin nan ta cika har kan katanga. Aka murɗa gora, hoto ya fito. Sai ga yaron yana fitowa daga ɗaki yana ɗaura buhu, farkon labari. Muka ce kuskure ne. Muka sake binsa, dutse, kogi, rami, har gada. Aka sake mayar da shi gida. An ce iyakar faifan da tashar talabijin ɗin ke da shi ke nan. Tsohon ɗan dakon nan ya ce shi ya daina zuwa, ba zai iya kallon ana wahalar da ɗan mutane da kaya haka ba, a kai shi bakin gari a dawo da shi ba ko sannu. Daga baya aka canja wa ma'aikacin wurin aiki, ya naɗe gorarsa ya tafi. Iskar Jangeru ma ba ta sake juyowa ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Muka yi aure, muka haifa, muka aurar. Jirgin ya yi ta raguwa har muka daina sa kunne. Iyayenmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, baffan Zurmi ya zama shi ne babban gida, barkwancinsa ya ƙafe. Ni da mutumina kuwa ba abin da ya canja. In mun haɗu wurin suna ko jana'iza zai ce, "Mai gero, ƙanena, an tashi lahiya?" In ce, "Lahiya lau yaro, ya akuyar taka, ta yi ƙaho?" Kowannenmu ya gaya wa ’ya’yansa shi ne babba, ana jiran shaida ne kawai daga ƙasar waje.

Bayan kakar bara baffan Zurmi ya rasu, Allah ya yi masa rahama. Da aka share makoki aka duba, duk gidan ba namijin da ya girme mu. Kuma ga magana a ƙasa. ’Yar ƙanena na ciki ɗaya, marigayi, wadda ta tashi a hannuna ta gama karatunta a kwalejin nan ta Kaura, ta samu wanda take so, mutanen kirki. Iyayen yaron suka aiko suna tambaya wa za su zo su samu, wa zai ba da ita. A gidanmu babban gida ke ba da aure, haka muka tarar. Aka ce musu su ɗan dakata. Suka dakata, suka sake aikowa, aka sake cewa su dakata. Yarinya ta fara ramewa.

A nan ne na zauna na yi wa girman nan kallon tsanaki, irin kallon da nake yi wa buhu kafin in saya. Na tuna shekarun baffa na ƙarshe. Zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Wannan katangarsa ta shiga filin wancan, wannan matarsa ta yi yaji, waɗancan sun kasa raba gona. Furarsa takan tsinke a kwano bai samu ya sha ba. Duk rasuwar da aka yi a dangi, ko a wane ƙauye ne, shi ne a gaba, ga hanyoyin namu yadda suka koma, mutum ba ya hawa mota sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, babba ba ya tsokana. Aikinsa daga safe zuwa yamma shi ne cewa a yi haƙuri. Ni da na rayu ina ja wa mutane rai a kasuwa, a ce in koma a yi haƙuri? Sai na ji a zuciyata, tsakani da Allah, buhun nan kamar na taɓa ganin ya ɗan motsa.

Ban sani ba ashe yarinyar ta je wurin gwaggonta, wato yayata, ta yi kuka, ita kuma ta ba ta labarin hukuncin Zurmi. Sai ga ta da waya a hannu.

"Baba, yaya katun ɗin nan yake? Ka tuna sunansa?"

Na ce ba shi da suna, kuma tashar ma ta jefar da shi. Ta ce in dai bayyana mata. Na bayyana sama-sama, har na rage wa mai lema tsawon hanci don kada a gane shi. Ta ce in rera kiɗan. Na ce ni dattijo ne. Gwaggonta daga cikin ɗaki ta ɗauka, ɗan yaro sauke buhu, da muryarta kamar ƙofar langa-langa, yarinya ta naɗa a waya. Ashe akwai wasu mutane a duniya da ba su da aikin yi sai tuna katun ɗin da, suna da zaure nasu a cikin waya. Ta tura musu. Ba a daɗe ba wani daga wata ƙasa ya turo mata shi cif, har ƙarshe. Ta ce na Japan ne, irinsa ake kira anime. Na ce ashe masu yin babur ne, shi ya sa suka bar yaro yana tafiya a ƙasa don mugunta.

Yayata ta hana kowa kallo. Ta ce sai an kira na Shinkafi.

Ya iso ranar Juma'a da sandarsa. Tun daga yadda ya yi sallama na san da wata a ƙasa, don bai ce mini ƙanena ba. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, yarinya ta jingina wayar a jikin tulu. Kafin ta taɓa, ya yi gyaran murya.

"Kahin a kunna, ina da magana. Mutum in ya tsuhwa ya kamata shi bi gaskiya. Na yi tunani, na ga gero na. Ɗan'uwana ya hi ni sanin buhu."

"A'a," na ce, "kada ka zalunci kanka. Kai ka gani da idonka a Jangeru. Har rantsuwa ka yi."

"Eriya ta. Kai ma haka kac ce."

"Ƙuruciya ta sa ni hwaɗin haka. Wa ke hira da gero?"

"Duk wanda ya taɓa noma."

"To mi ya hana shi zama bisa buhun?"

"Tarbiyya."

Yarinya tana kallonmu baki buɗe. Yayata ta ajiye carbinta a cinya.

"Ku dube su," ta ce. "Tsohon banza da ɗan'uwanai. Shekara da shekaru kuna hana mutane cin nama, yau da anka ce ga girman ku ɗauka kowa na turo ma wani. Ina tsaye da kwanon ruwa aka yi hukuncin ga. Kai gero kac ce, kai kuma akuya. Ba a sauya doki tsakiyar kasuwa nan gidan. Ke, kunna muna."

Aka kunna. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne launi. Ashe rigar yaron ja ce. Duk tsawon rayuwata fara na sani, kuma da fara ta fi yi masa kyau. Ga mai lema nan, ga gada. Da yaron ya ɗora ƙafa sai na ɗauka za a sake mayar da shi gida. Ya taka, ya sake takawa. Ban san lokacin da na ce a hankali yaro ba. Na waiga na ga ɗan baffana ya matso har gemunsa na taɓa tulu.

Yaron ya haye. Mai lema ya biyo shi, katako ya karye, ya rufta ruwa, lemarsa ta bi kogi. Garin kan tudu ashe a bushe yake ƙurmus, gonaki sun tsattsage, mutane zaune jugum. Wata tsohuwa ta fito ta rungume yaron. Ya sauke buhun. Gindinsa ya baje, kafaɗunsa suka zube. Na rufe ido ɗaya. Ya kwance igiya, ya tura hannu, ya ɗebo. Ƙwayoyi ne ’yan ƙanana masu sheƙi, suna zubowa ta tsakanin yatsunsa. Iri ne ya ɗauko musu tun daga wata duniya. Aka nuna suna shuka, ruwa ya sauko, tudu ya yi kore.

Ba zan ɓoye ba, na tuna tsohon ɗan dakon nan da bai ga an sauke kayan ba. Amma ba lokacin wannan ba ne, ina da kai da zan ceta.

"Wanga ba gero na ba," na ce. "Ku duba ƙwayar. Ni gero nic ce. Wani abin Japan na, hukunci bai hau kaina ba."

"Gero na," in ji ɗan baffana, yana share ido da hannun riga. "Ban taɓa ganin gero mai kyau awa wanga ba. Allah shi ja zamanin Yaya."

"Ana shuka shi?" in ji yayata.

Na ce ana yi.

"Yana da ƙaho?"

Na ce babu.

"To tashi ka sa babbar riga, baƙi na tahe jibi."

Haka aka naɗa ni, ba kiɗa ba algaita, a gaban tulu.

Na ba da auren. Ranar ɗaurin, da liman ya tambaya wa ke ba da ita, na ji bakina ya ce ni ne, sai fuskar ƙanena marigayi ta faɗo mini a rai. Mutane suka ce na yi kyau da girma. Da aka kawo nama, ɗan baffana ya ɗauki hanta da hannunsa ya ajiye a gabana, ya koma gefe ya tsuguna kamar almajirin da ya zo ɗaukar karatu. Tun daga nan bai sake gaishe ni a tsaye ba. Ko a tsakiyar tasha muka haɗu sai ya cire takalmi ya durƙusa, da gwiwoyinsa masu ƙara, yana cewa Allah shi daɗe da ran Yaya, har masu keke napep su tsaya kallo. Duk wanda ya kai masa ƙara a Shinkafi, ko ta kaza ce, sai ya ce shi yaro ne, a tafi Kaura. Zaurena ya cika. Furata ta fara tsinkewa. Na ce a yi haƙuri har na fara faɗa wa akuyar maƙwabta in ta shigo gida.

Wata rana amarya ta zo gaishe mu, na ce ta kunna mini ƙarshen nan in sake gani, don rannan hankalina ba a kwance yake ba. Muka kalla. Da waƙar rufewa ta taso, rubutu na hawa sama, ta kai hannu za ta kashe, na ce ta bari, ni ɗan boko ne, ina karantawa. Rubutun ya ƙare. Sai aka nuno buhun a yashe a gindin bango, ba kowa. Ya motsa. Ya sake motsawa. Wani ɗan ɓera mai ƙiba, kumatu cike, ya leƙo daga bakinsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗaga mana hannu.

Na ce ta mayar baya. Ta mayar. Ɓera dai.

Baffa cewa ya yi abu mai rai. Bai ce akuya ba. Yayata ma da na tambaye ta a kaikaice ta ce haka ne, abu mai rai ya ce. Alhamis na yi na ari wayar jikana, aka sa mini abin a ciki, na hau mota sai Shinkafi. Na iske mutumina a kara yana duba haƙoran wata tunkiya, ya gama ya zauna a inuwa yana shan fura mai kauri, hankali kwance. Ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa. Na ce ya tashi, na zo masa da albishir, ashe shi ke da gaskiya tun farko, telan Jangeru bai yi ƙarya ba. Na kunna na kara masa a fuska. Ɓera ya leƙo, ya ɗaga hannu.

Ya ƙanƙance ido, ya matsar da wayar nesa, ya matso da ita kusa.

"Yaya, idon nawa ya tahi. Ni duhu kawai nika gani."

"Ɗazu na ishe ka kana ƙirga haƙoran tunkiya."

"Da hannu nika lalube. Kuma ko na gani, ni wa, in yi ma babba gardama? Kai kac ce gero na. Magana ta ƙare."

Na tsaya ina kallonsa, yana kallona, furar na bisa gemunsa. Sai wani tunani ya zo mini, irin wanda sai an girma ake samu. A makon nan aka yi rasuwa a dangin matar baffa a Zurmi, kuma ni ne zan je, da ɗan hatsin da akan kai gidan makoki.

"To shi ke nan," na ce. "Tunda ni ab babba, gobe ka kwana Kaura. Jibi za ka raka ni Zurmi. Kuma daga yau duk inda girma ya kai ni, ƙanena na biye."

Ya miƙo mini wayar.

"Ko da gardama?"

"Babu, Yaya."

Ranar tafiya na auna gero rabin ƙaramin buhu, daidai abin da ba zai karya tsoho ba amma zai sa ya san ya ɗauka. Masu babur suka taso za su karɓa, na ce a bari, yaron gidanmu ne, yana son motsa jini. Ya saɓa a baya ya kama bakin da hannu biyu, ya duƙa gaba, muka nufi tasha ta cikin kasuwa. Rana ta fara zafi, sai na buɗe lemata na biyo shi a baya. Tsofaffin da ke rumfuna, waɗanda suka rage cikin masu tsayuwa ƙofar gidan ma'aikacin jirgi, suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya soma tafi a hankali. Kafin mu kai bakin titi rabin layin masu hatsi na rera ɗan yaro sauke buhu, jikokinsu na kallonsu ba su san abin da ya samu kakanninsu ba.

Bai waigo ba. Na dai ji yana magana ƙasa-ƙasa, na matsa kusa.

"Yaya, ka dai lura da rami."

Na duba ƙasa da kyau, na rage sauri. A mota ma gefen taga na ba shi, ya rungume buhun a cinya har Zurmi.